Likita Ya Ce

Tun ranar da ɗanta ya gama makarantar likitoci, duk layin nan ba a ƙara kiran matar da wani suna ba sai Maman Likita. Da can matar mai gyaran rediyo ake ce mata, ko bayan mai gyaran ya rasu sunan bai sake ta ba. Amma yanzu ka kuskura ka kira ta da shi, sai ta wuce ka kamar da katanga ka yi magana. Hoton yaron sanye da hular kammala karatu kuwa ta rataya shi daidai inda mai leƙowa daga ƙofa zai fara cin karo da shi, kafin ma ya yi sallama.

Shi yaron likita ne, amma ba a gama dafa shi ba. Irin waɗannan ne da ake ajiyewa a babban asibiti ƙarƙashin manya su yi shekaru suna koyon ƙwarewa, a gaban mara lafiya a kira su likita, a bayan labule a kira su abin da baki ba ya maimaitawa. Yakan fita gari bai gama wayewa ba, ya wuni can, ya kwana can, ya sake wuni, ya dawo idanu kamar an zuba musu barkono. Sau nawa ya zauna cire takalmi barci ya kwashe shi da ƙafa ɗaya a ciki.

Babban da ke kansu wani ne da suka laƙaba wa Tsawa. Kullum da safe sai ya ja su zuga guda suna bin gadajen marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya ya zaɓi wanda zai yi wa wankin babban bargo a gaban kowa. Dokar wurin ɗaya ce: kome ya lalace, ƙaramin likita zai sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, ranka ya daɗe." Maganin da aka rubuta ya ƙare a asibitin, laifina ne. Dangin mara lafiya sun ɗauke shi sun gudu, laifina ne. Wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, wannan ma laifina ne. Wanda ya tsaya bayani ya ƙara wa kansa kwanan aiki.

Ranar da yaron ya samu hutu fa, sai ku ce barci zai yi? Ina! Kafin ya buɗe ido Mama ta jera kujeru a falo. Ga mai ciwon baya, ga mai jiri, ga mai yaron da ba ya cin abinci, ga tsohon wanzamin layi da gwiwarsa da ta girmi likitan.

"Ku zauna, ba komai," in ji ta, baki har kunne. "Likita na ciki, bari in taso shi."

Ita ke cewa wane ya riga wane, ita ke karɓar ƙwai da sabulu da 'yar kazar da ake kawowa, tana cewa ai da ba ku wahalar da kanku ba, hannunta kuwa ya riga ya miƙa.

A hankali yaron ya fara canzawa. Dariya ta ɗauke. Abinci sai ya juya cokali ya ture. Wayarsa in ta yi ƙara sai ya kife ta. Wata rana ya same ta tana tsince shinkafa, ya zauna a ƙasa kusa da ita kamar yadda yake yi yana ƙarami.

"Mama, na gaji."

"Wa bai gaji ba? Ni da na goya ka ban gaji ba?"

"Ba irin wannan gajiyar ba. Jiya wata mata ta rasu a hannuna, mijinta na kuka, ni kuwa ina tsaye ban ji komai ba. Ko ɗigo. Tunanina kawai gadon ya samu, a kawo na gaba."

"To ai ƙwarewar ke nan," ta ce. "Miƙo min wancan faifan."

Ba a daɗe ba, wata safiya ya shirya tsaf, ya sa farar rigarsa, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya, ya je bakin ƙofa ya kama mariƙi. Nan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya ya koma ɗaki ya kwanta da takalminsa, fuska na kallon bango. Daga ranar bai ƙara fita ba.

Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta tuno masa da awarwaronta da ta sayar, ta kira sunan ubansa da ke kabari. Abin da ta samu kawai shi ne, "Mama, ki bar ni." Ta taɓa goshinsa, babu zafi. To mutum babu zazzaɓi, babu rauni, ya kwanta ya ƙi tashi, me za a kira wannan? Ta san abin da layi zai kira shi, kuma ta san bakin da zai fara faɗa: Mai Ɗinki, maƙwabciyarta ta jikin katanga, wadda nata ɗan bai wuce tallan cajar waya a tasha ba, take ta jiran ranar da za ta rama.

Sai Mama ta hau dabara, abin da Allah bai rage ta da shi ba. Da aka bugo daga asibiti ita ta ɗauka, ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi, yana samun sauƙi. Mutanen layi kuma ta ce musu an mayar da likita aikin dare zalla, saboda manya sun ga babu wanda suka amince wa kamarsa, shi ya sa yake barci da rana. Farar rigar nan da ba a sa ba, kullum sai ta jiƙa ta, ta shanya a igiyar da ake hangowa daga waje. In rana ta faɗi sai ta buɗe ƙofar gida, ta bugo ta da ƙarfi, ta ɗaga murya ita kaɗai a zaure: "A dawo lafiya, likita! Allah ya tsare!"

Masu ciwo dai ba su daina zuwa ba, don abin banza ba ya rasa masoya. Ranar farko ta ce yana barci. Rana ta biyu ta ga wata ta juya da ƙwanta a hannu, zuciyarta ta yi ƙuna. Ta ce, "Tsaya, faɗa min abin da ke damunki in shiga in tambayo miki."

Ta shiga ɗakin. Labule a sauke, ɗakin na warin mutumin da ya daina wanka, kwanon abincin jiya na nan yadda ta ajiye shi.

"Wata ce ke ciwon kai."

Bai ko juyo ba.

"Kai, magana nake."

"Mama, da ma in yi barci kada in farka."

"Rufe min baki, kada a ji ka!"

Ta ɗan tsaya a bayan ƙofa don a ga an daɗe ana shawara, sannan ta gyara fuska ta fito. "Likita ya ce ki yawaita shan ruwa, ki rage tunani, ki riƙa kwanciya da wuri."

Matar ta tafi tana godiya, kuma abin haushi, kan ya daina ciwo. Shi ke nan, Mama ta samu sana'a. Ai ba a banza ta yi ta zama a gefe ana duba mutane ba, ta haddace 'yan kalmomi. Likita ya ce a rage gishiri. Likita ya ce a gasa wurin da ruwan ɗumi. Likita ya ce ciwon nan naka na tsufa ne, ka haƙura da shi. Har wata ta ce wallahi tun da likita ya daina fitowa maganinsa ya fi ci. Mama ta cika ta batse, tafiyarta ma ta canza.

Ana nan sai ga Mai Ɗinki da kanta, zare a wuya, tana wani cin magani don neman alfarma a wurin Mama ba daɗi yake mata ba. Mijinta direban babbar mota ne, yana da hawan jini, an ɗora shi kan wasu ƙwayoyi.

"Maman Likita, ƙwayoyin nan sun hana shi sakat. Fitsari kamar famfo, kowace tafiya sai ya yi ta tsayawa, mai motar har ya fara ƙorafi. Ko likita zai duba mana?"

Daɗi ya kashe Mama. Yau ga Mai Ɗinki a falonta tana roƙo. Ta karɓi kwalin maganin, ta juya shi sama da ƙasa kamar mai karantawa, ta shige ciki. Wannan karon ko tambayar yaron ba ta yi ba, ta tsaya dai tana kallon ƙeyarsa, sannan ta fito.

"Likita ya ce ya ajiye su. Jinin ai ya sauka tuntuni, waɗanda suka rubuta masa ne ba su san aikinsu ba."

Direba ya ajiye ƙwayoyi, ya ji daɗinsa, har ya aiko da lemo kwali guda. Ba a yi nisa ba, wata safiya yana wanke gilashin motarsa ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Aka kwashe shi sai babban asibiti, can inda yaron ke aiki. Da aka tambayi matar dalilin da ya sa ya daina shan magani, ta ce ai likitanku ne ya ce, ta faɗi sunansa tiryan-tiryan.

Washegari da hantsi Mama na shanya farar rigar nan sai ga wata 'yar tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gida. Mai Ɗinki ta fito daga baya, idanu a kumbure. Mai tuƙin wata 'yar siririyar budurwa ce mai tabarau, abokiyar aikin yaron, ita ma ƙasan idonta baƙi wuluk kamar ta kwana shafa kwalli. Kafin su gama sallama layi ya cika ƙofa, kun san mutanenmu, ko tukunya na ƙonewa sai an zo an gani.

"Mama, ina kwana," in ji Mai Tabarau. "Wurin ɗanki na zo."

"Yana barci, 'yata. Kin san aikin dare."

Mai Tabarau ta dube ta ta saman gilashi. "Wane aikin dare, Mama? Ni ke yin nasa daren haɗe da nawa. Rabon asibiti da ganinsa an kwana biyu. Ke kika ce mana zazzaɓi yake."

Kunnuwa suka miƙe a bakin ƙofa. Mama ta sha jinin jikinta, amma ta yi mursisi. "To ai zazzaɓin ne, yakan tafi ya dawo."

"A fito min da shi!" Mai Ɗinki ta fashe. "Ya fito ya ga abin da ya mayar min da miji! Mutum da ƙarfinsa, yau ruwa ma sai an ɗura masa a baki!"

Ba wanda ya je kiransa. Hayaniyar ce ta fito da shi. Ya dafa bango ya tsaya a ƙofar falo, gemu ya cika fuska, wando na neman zamewa daga ƙugu, yana ƙifta ido kamar wanda aka zaro daga rami. Wata mata a bakin ƙofa ta yi salati. Mai Tabarau ta daure ta faɗa masa abin da ya faru: direba, ƙwayoyi, da sunansa da aka ambata.

Ya saurara har ta gama. Ya dubi uwarsa sau ɗaya. Mama ta hau gyaran ɗaurin ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Sai yaron ya haɗa hannuwa a baya, ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne."

"Ka ga mutumin? Ka auna jininsa?" in ji Mai Tabarau.

"Laifina ne."

"Kai, dube ni. Ba zagayen safe muke ba, Tsawa ba ya nan. Tambayarka nake: kai ka ce ya daina shan magani?"

"Laifina ne, ranki ya daɗe."

Ku zo ku ga uwa. Ɗanta na tsaye kamar kara, yana ɗaukar kayan da ba nasa ba, ita kuwa wani sanyi ne ya sauko mata a ƙirji. A ranta cewa take, to ai likita ma yakan yi kuskure, manyan ma suna yi, gobe an manta. Har ta fara haɗa kalaman da za ta ba Mai Ɗinki haƙuri a madadinsa.

Mai Tabarau dai ba yarinya ba ce, ta ga inda idon yaron ya je ya dawo. Ta juyo ta fuskanci Mama, ta yi magana a hankali yadda kowa zai ji.

"To shi ke nan. In shi ya faɗa, maganar za ta je gaban kwamiti. Likitan da ya guje wa aiki, ya zauna a gida yana hana mai hawan jini magani ba tare da ya ko gan shi ba, karɓe lasisinsa za a yi. Ba zai ƙara taɓa mara lafiya ba. Ba wanda zai ƙara kiransa likita, ko a asibiti ko a layi."

Nan fa maganar ta sami Mama a inda take da rai. Ramar yaron ba ta motsa ta ba, bakin direba da ya karkace bai motsa ta ba, amma wannan ta shige ta har ƙashi. Ta dubi hoton da ke bango, ta dubi matan da ke bakin ƙofa.

"Ba shi ba ne," ta ce, murya can ƙasa.

"Ban ji ba, Mama."

"Na ce ba shi ba ne! Ni ce. Ko kwalin bai gani ba. Duk ni ce, tun daga mai ciwon kai." Sai kuma ta ɗaga murya, don ba ta iya faɗuwa ba tare da ta riƙo wani ba. "Kuma ai sun warke! Wa ya dawo ya ce bai warke ba?"

Sai da mata biyu suka riƙe Mai Ɗinki. "Ke? Ke da ko lambar waya sai an danna miki? Ke kika rubuta wa mijina magani? Matar mai gyaran rediyo! Rediyon ma mijinki ne ke gyarawa, ba ke ba!" Wanzami ya ce shi dai a mayar masa da ƙwansa. Wata ta ce dama ita ta yi mamakin likitan da ke fita kullum ba a taɓa jin takunsa ba.

Yaron ya zame ya zauna a dandamalin ƙofa. Mai Tabarau ta tsuguna gabansa, ta manta da kowa.

"Me ya sa ba ka kira ni ba?"

"In ce miki me? Ba abin da ke min ciwo. Kawai na kasa. Ku kuna yi, ni na kasa."

"Wa ya ce maka muna yi? Ni a ɗakin ajiyar kaya nake kukana, in wanke fuska in fito. Ka san abin da ke damunka, da wani ne ya zo maka da shi da tuni ka faɗi sunansa. Ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Ni kaina ina ganin likitar da ke duba masu irinsa, ba wanda ya sani sai yau." Ta ɗan yi dariyar da ba daɗi a cikinta. "Ka san abin da Tsawa ya ce da aka gaya masa ba ka zuwa? Bai tambayi ko kana raye ba. Cewa ya yi a zamaninsu ba a san gajiya ba, wa zai riƙe masa gadajenka. Tashi mu je. Zan kira likitar a hanya, za ta gan mu yau."

Ya ɗaga kai ya dubi jama'ar da ke ƙofa, mutanen da ya duba wa ciki da baya ba ko sisi, suna leƙensa kamar an kawo biri kasuwa.

"Ba ni da lafiya," ya ce musu. "Na daɗe ba ni da lafiya."

Mama ta yi wuf ta kama hannun Mai Tabarau ta ja ta gefe. "'Yata, wane ɓangare za ki kai shi?"

"Na masu ciwon ƙwaƙwalwa."

"Innalillahi! Na mahaukata?"

"Na marasa lafiya, Mama."

"To ki taimake ni, ke ma 'ya ce. Ba za a rubuta wani abu daban ba? A ce gyambon ciki ne, ai bai cin abinci. Ko ki zagayo da motar ta bayan gida."

"Bayan gidanku kwata ce. Kuma rabin layinku ya riga ya ji." Ta zare hannunta. "Akwai wuri a motar. Likitar za ta so ganin wani nasa, kuma shi ma zai so ya waiwaya ya ga uwarsa a benci. Za ki zo?"

Mama ta san bencin nan. A fili yake, kan hanyar da kowa ke bi zuwa karɓar magani, da allo a sama an rubuta sunan ɓangaren da manyan baƙaƙe. Ta ce bari ta canza zane.

Ta shiga ɗaki ta buɗe akwati. Ta ɗauko wannan ta mayar, ta ɗauko wancan ta ce ya yamutse. Tana jin an taimaka wa yaron ya sa silifas, tana jin an buɗe ƙofar mota an rufe, tana jin injin ya tashi yana jira. Aka yi ham sau ɗaya. Ta zauna bakin gado da zane a cinya. Ta taga ta ji muryarsa, ba fushi a ciki, ba komai a ciki.

"Mu tafi. Ba za ta fito ba."

Motar ta ja. Jama'a suka watse da abin bakinsu, kowa na sauri ya riga wani kai labari. Sai da layin ya yi shiru sannan Mama ta tashi, ta zuba abinci a kula, ta haɗa da sabulu da soso da wandonsa mai tsabta, ta lulluɓe har saman hanci, ta fita ta tari tasi a can bakin titi inda ba a san ta ba.

"Babban asibiti," ta ce.

"Wace ƙofa, Mama? Ƙofofin da yawa."

Ta gyara kular a cinyarta.

"Sauke ni ta wajen masu ciwon ido. Zan ƙarasa da ƙafa."